Labulen ruwan sama da fitilun sigina a tsofaffin motoci masu rumfa

Motar da ake kira torpédo a Faransa, touring kuma a Amurka, mota ce buɗaɗɗiya mai kujeru gaba da baya, da rumfar tamfol da ake naɗewa, ba ta da gilashi a gefe. Ita ce ta fi yawa a kan hanya har zuwa tsakiyar shekarun 1920. Fitattu a cikinsu su ne Ford Model T, wadda aka ƙera sama da miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927, da Citroën Type A da ta fito a 1919. Masu adana irin waɗannan motoci a yau suna fama da ayyuka biyu da ba sa rabuwa: ɗaura labulen kare ruwa, da ƙara fitilun sigina.

Yadda labulen yake

Labulen gefe na tamfol ne ko yadi mai rufin roba, an yanka masa tagogi an ɗinka selulod, wata roba mai garai-garai ta wancan zamani. Aikinsa ɗaya ne da na ledar da masu adaidaita-sahu ke saukarwa da damina. Aibin selulod shi ne yana komawa rawaya, yana tsagewa idan an ninke shi, kuma yana saurin kama wuta. Shi ya sa telolin yau ke sa farar leda mai kauri a madadinsa.

Kafin a auna komai, sai an ɗaga rumfa an ɗaure ta tam, an rufe ƙofofi, domin katakon rumfar da ya shekara ɗari ba ya zama daidai a ɓangarorin biyu. Ana fara yanka samfuri da takarda, kowane gefe da nasa. Ba a huda yadi a sa maɓallai sai an rataya labulen a jikin motar an sa alama, ana farowa daga sama da gaba zuwa baya. Ɓangaren gaba shi ke hawa kan na baya, don kada iska ta cusa ruwa ta tsakani. A motoci da yawa akwai sandar ƙarfe da ake sokawa a ƙofa, labulen ya riƙa buɗewa tare da ita. Idan an cire shi, naɗewa ake yi ko a shimfiɗe, ba a ninkewa ta kan taga.

Dalilin ƙara sigina

A zamanin waɗannan motoci direba da hannu yake nuna inda zai juya, shi ya sa ake barin ƴar kafa mai murfi a labulen gefensa. Fitila mai ƙyaftawa ta zo daga baya: kamfanin Buick ne ya sa ta a motocinsa a 1939. A yau direbobi da dama ba su san alamar hannu ba, kuma da dare ko cikin ruwa, lokacin da labule ke rufe, ba a ma ganin hannun. Ga shi motar ba ta da gudu: Model T da ƙyar take wuce kilomita 70 a sa'a, don haka na bayanta kan tarar da ita da sauri.

Haɗin wuta

Yawancin motocin batir mai volt 6 gare su, ba 12 ba, don haka ƙwayayen fitila da na'urar ƙyaftawa dole su zama na volt 6, wayar kuma ta fi ta motocin yau kauri. Sai an duba wane kan batir ne ke haɗe da ƙarfen mota: a Model T na ragi ne, a Model A da ta gaje ta kuwa na tarawa ne. Fitilun LED da yawa ba sa kamawa idan an juya musu waya, kuma ba sa jan wutar da za ta motsa tsohuwar na'urar ƙyaftawa mai aiki da zafi, sai an sa ta zamani.

Gangar jikin motar a kan katako take, don haka kowace fitila tana buƙatar wayarta ta komawa zuwa ƙarfen ƙasan mota. Ana sa fiyus kusa da batir, a ɗaure makunni a sandar sitiyari, tare da ƙaramar fitila ko ƴar ƙara da za ta tunatar da direba ya kashe, tunda ba ya kashe kansa bayan kwana. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ita ce fitila ruwan lemo mai ƙyaftawa sau 60 zuwa 120 a minti.

Kiyaye asali

Darajar tsohuwar mota tana cikin zamanta yadda ta fito daga masana'anta. Saboda haka masu gyara na ƙwarai ba sa huda sabon rami: suna ɗaura fitilun a kan notocin da ke wurin tun asali, su bi da waya ta ƙarƙashi, ta yadda za a iya kwance komai ba tare da barin tabo ba. A Faransa motar da ta kai shekara 30 tana iya samun takardar rajista ta motocin tarihi, amma dokar fitilu ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka mai mota ya fara tuntuɓar hukumar sufurin ƙasarsa.