Firgicin bayan hari da taɓin hankali: inda suka haɗu da inda suka rabu

A asubahin 17 ga Nuwamba, 2025, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, a Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu ta Jihar Kebbi, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka yi awon gaba da ɗalibai 25. Shekara huɗu kafin nan, a watan Yunin 2021, 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a wasu ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma ta Masarautar Zuru. Gawawwaki da waɗanda aka sace ana ƙidaya su. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne halin da zukatan waɗanda suka tsira ke shiga.

Likitoci sun bambanta larura biyu waɗanda a bakin jama'a ake yi musu kuɗin goro da sunan hauka.

Ta farko ita ce firgicin bayan tashin hankali, wadda ake taƙaita sunanta da PTSD. Mai ita yana ganin abin da ya same shi yana dawo masa a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu yake faruwa. Ƙarar babur kaɗai na iya sa shi zabura, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa guje wa hanyar gonar da aka tare shi. Ba a kiranta ciwo sai alamun sun zarce wata guda, domin razana a makonnin farko ɗabi'ar ɗan Adam ce, kuma mafi yawan mutane na warwarewa.

Ta biyu ita ce rabuwa da zahiri, wato saikosis: mutum ya ji muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kafe kan wani zato da hujja ba ta kawar da shi, ko maganarsa ta rikice.

Wahalar tana tsakani. Wanda ya yi watanni a hannun masu garkuwa na iya ci gaba da jin muryar mai gadinsa bayan ya dawo gida. Idan muryar na maimaita abin da ya auku, kuma bayan ta wuce ya gane tunawa ce, an fi danganta ta da firgici. Idan kuwa ya tabbata cewa suna magana da shi ta rediyo, ko maƙwabtansa duka sun haɗa baki su sayar da shi, an doshi saikosis. Ko a nan ma sai da hattara. A yankin da ake kama masu kai wa 'yan bindiga bayanai, zargin cewa wani na sa maka ido ba lallai ne ya zama ruɗu ba, kuma likitan da bai san ƙasar ba na iya ɗaukar tsoro mai dalili a matsayin cuta.

Bincike ya nuna cewa alaƙar ta wuce kamanni. A 2012, Filippo Varese da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarce da dama, suka gano cewa waɗanda suka sha azaba ko cin zarafi a ƙuruciya sun fi saura fuskantar saikosis kusan ninki uku. Wani nazari na 2016 a ƙasar Siwidin ya nuna cewa haɗarin ga 'yan gudun hijira ya zarce na sauran baƙin da suka fito daga yankuna ɗaya da kashi 66 cikin ɗari. Ana ganin tsawon zama cikin fargaba na dagula sinadaran ƙwaƙwalwa, rashin barci da shan wiwi kuma na ƙara rura wutar. Duk da haka, firgici ba ya nufin lallai saikosis na tafe. Gado ma na da nasa kaso.

Bambancewar na da muhimmanci saboda magani. Saikosis na buƙatar ƙwayoyin da likita ke rubutawa, kuma gara a fara da wuri. Firgici kuwa ya fi jin zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake bin abin da ya faru daki-daki. An daɗe ana tsoron yin irin wannan zama da masu saikosis, har sai da wani gwaji da aka yi kan mutum 155 a ƙasar Holan, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa yana rage musu firgicin ba tare da ya tsananta ciwon ba.

A ƙauye, iyali kan fara da ruƙiyya ko mai maganin gargajiya, bisa zaton iskoki ko sammu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da ke cutarwa shi ne jinkiri, da duka, da ɗaure mara lafiya da mari, al'adar da ƙungiyar Human Rights Watch ta bankaɗo a sassan Najeriya a 2019.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka bayyana a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marasa lafiya 'yancin kariya daga wulaƙanci. Sai dai likitocin wannan fanni a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, tafiyar sa'o'i ce daga Danko, ga manomin da wataƙila ya riga ya sayar da shanunsa wajen biyan kuɗin fansa.