Ɗaurin noti da bugawar injin tokumbo: Wa ke da alhaki idan mota ta tsaya?

Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin fiton motoci da farashin kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, har ta kai mai ƙaramin ƙarfi ya daina mafarkin sauya mota. Abin da ya rage masa shi ne lallaɓa wadda yake da ita. Idan inji ya buga, sai a nufi Ladipo a Legas, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, a sayo na tokumbo a ɗora. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuwa wata bai zagayo ba za a ji ƙwanƙwasa daga ƙasan injin, ko farin hayaƙi ya turnuƙe salansa.

Daga nan sai a shiga nunin yatsa. Mai kaya ya ce lafiya lau injin ya bar shagonsa, bakanike ne bai iya ɗauri ba. Bakanike ya rantse cewa da ciwonsa aka kawo shi. Idan suka ga dama kuma, sai su haɗa baki su ce mai motar ne ya bar ta babu baƙin mai. A mafi yawan lokuta mai mota ke kwana ciki, domin shi ne bai san abin da ke cikin injin ba, bai kuma san abin da doka ta ba shi ba.

Mene ne ƙarfin murɗa?

Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da hannu ya sa, a ninka shi da tsawon sifanar da aka yi amfani da ita. Ana auna shi da niyuton-mita, wato Nm a rubuce. Idan mutum ya danna sifana mai tsawon rabin mita da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10, ya murɗa noti da kimanin Nm 49. Idan ya zura wa sifanar bututu tsawonta ya zama mita ɗaya da rabi, kamar yadda ake yawan gani a garejinmu, wannan ƙarfin dai zai haifar da kusan Nm 147, ninki uku ke nan, alhali a hannunsa bai ji wani bambanci ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne noti yana miƙewa. Idan aka ɗaure shi, yakan ɗan ƙara tsawo kamar roba mai tauri, kuma ƙoƙarin da yake yi na komawa yadda yake shi ne ke matse ƙarafan biyu. Wannan matsi shi injiniya ke nema. Ƙarfin murɗa hanya ce kawai ta kaiwa gare shi, hanyar kuma ba ta da tabbas sosai. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da aka sa yana tafiya ne wajen yaƙi da gogayya a zaren notin da ƙarƙashin kansa, kashi 10 ne kacal ke zama miƙewa. Saboda haka tsatsa ko datti a zare na iya sa sifanar awo ta nuna an kai adadi alhali matsin bai isa ba. Giris a inda kamfani ya ce a bar shi a bushe kuwa yana sa a zarce. Idan ramin notin akwai ruwa ko mai a kwance, notin zai tokare ruwan ya yi kamar ya ɗauru, wani lokaci har bulok ya tsage.

Don rage wannan rashin tabbas ne masu ƙera motocin zamani suka koma wa awo mai hawa biyu: a murɗa zuwa wani adadi, sannan a ƙara juyi na wasu digiri. Injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunanmu, misali ne mai kyau. Notocin tof silinda guda 10 ana ɗaure su a jere daga tsakiya zuwa gefe, sannu a hankali, har su kai Nm 49, sannan a ƙara wa kowanne juyin digiri 90. Na kwanrod kuwa Nm 20 ne, da ƙarin digiri 90. Irin waɗannan notoci ana kai su gaɓar da ƙarfe ke fara miƙewar da ba ta komawa, shi ya sa littafin gyara ke umartar a auna su kafin a sake amfani da su, a watsar da wanda ya sirance.

Akwai wani tarko kuma. Littattafan gyara na Amurka, inda yawancin motocin tokumbo ke fitowa, suna amfani da ma'aunin fam-ƙafa, kuma ɗaya daga cikinsa daidai yake da Nm 1.356. Wanda ya ga 49 ya saita sifanarsa a kan ma'aunin Amurka ya murɗa Nm 66, ya zarce da fiye da kashi ɗaya bisa uku.

Abin da ke faruwa idan an kuskure

Idan notocin tof ba su matse yadda ya kamata ba, gasket ba zai iya riƙe wutar da ke tashi a cikin silinda ba. Ruwan lagireto zai fara raguwa, injin ya riƙa zafi, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Idan kuma aka wuce gona da iri a bulok na alminiyam, zaren ramin ne zai ɓare.

Na kwanrod ya fi muni. Fistin yana hawa da sauka sau dubbai a minti guda, kuma noti mai sako-sako yana shan fizga a kowane juyi har ƙarfen ya gaji ya tsinke. Idan ya tsinke ana cikin gudu, kwanrod na iya fasa bulok ya leƙo waje. Wanda aka matse fiye da kima kuma ya riga ya raunana tun a gareji. Abin lura a nan shi ne kuskuren ɗauri ba lalle ya bayyana ranar da aka yi shi ba; yana iya ɗaukar makonni ko watanni, wanda hakan ke ba mai laifi damar cewa ai motar ta daɗe da barin hannunsa.

Sai dai injin da ya mutu yana ba da shaida, idan an samu mai karanta ta. Notin da gajiya ta tsinke yana barin layuka masu lanƙwasa a fuskar karayar, kamar sawun ruwa a kan rairayi. Wanda aka ja fiye da ƙarfinsa yana sirancewa a tsakiya kafin ya rabu. Fuskar marfin kwanrod da ta goge tana sheƙi alama ce cewa ya daɗe yana motsi. Idan kuwa dukan metal ɗin kiranshaf sun ƙone sun yi shuɗi, to ƙishin mai ne, ba ɗauri ba. Daskararren baƙin mai kamar kwalta a ƙarƙashin marfin inji kuma aikin shekaru ne, babu yadda za a ɗora shi a kan wanda ya sayi injin makonni uku da suka wuce.

Tambayar farko: an buɗe injin ko ba a buɗe ba?

A nan ne yawancin gardama ke warwarewa. Bakaniken da aka kawo wa injin tokumbo a rufe ya ɗora, ba ya taɓa notin kwanrod ko na tof. Nasa su ne notocin mazaunin inji, da na haɗa shi da giya, da zuba mai da ruwa, da fitar da iska daga hanyar ruwa, da tabbatar da cewa fanka na aiki. Idan kwanrod ya tsinke a injin da bai buɗe ba, kuma akwai mai a ciki, zargin ɗauri ba ya hawa kansa. Amma idan shi ya cire tof ya sauya gasket, ko ya sa sabon metal, to duk notin da ya kwance ya zama amanarsa. Haka nan idan ya cire na'urar daidaita zafin ruwa ya jefar, al'adar da ta zama ruwan dare a ƙasar nan bisa hujjar cewa wai don ƙasashen sanyi aka yi ta.

Ba kuma kowane injin da ake kira tokumbo ne ya zo a rufe daga waje ba. Akwai waɗanda aka farke a nan gida, aka harhaɗa daga injuna biyu ko uku, aka wanke aka jera. Sabon gam a bakin kaskon mai, ko kan noti da ya sha sifana, suna tona wannan asiri.

Wani lokaci kuma laifin ya girmi kowa a kasuwar. Injin 2AZ-FE na Camry ƙirar 2002 zuwa 2006 ya yi suna wajen ɓarewar zaren notocin tof a cikin bulok, har kamfanin Toyota ya fitar da sanarwar yadda za a gyara ta hanyar dasa sabon zare na ƙarfe. A 2015 kamfanin Hyundai ya yi wa motocin Sonata kusan 470,000 ƙirar 2011 da 2012 kiranye a Amurka, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a kiranshaf tun daga masana'anta yana tare hanyar mai. A 2020 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ci Hyundai da Kia tarar da jimillarta ta kai dala miliyan 210 saboda jan ƙafa wajen kiranye. Irin waɗannan motoci suna shigowa Najeriya, kuma mai lambar shasi na iya duba shafin hukumar a intanet kyauta ya ga ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 117 ya wajabta wa ɗan kasuwa ya bayyana ƙarara cewa kayan da yake sayarwa na hannu ne ko an sake harhaɗa su. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya masu aiki, marasa aibi, da za su yi ƙarko na lokacin da hankali zai ɗauka, gwargwadon yanayin da aka sayar da su. Ma'ana, ba a sa ran injin tokumbo ya yi kwanan sabo, amma ba a yarda ya mutu a kan hanyar komawa gida ba. Sashe na 132 ya ba da wata uku na mayar da kayan da suka gaza, a gyara, ko a musanya, ko a mayar da kuɗi. Wannan ya zarce garantin 'yan kwanaki da aka saba bayarwa da baki a kasuwa, kuma Sashe na 129 ya hana gindaya sharaɗin da zai tauye haƙƙin mayar da kaya masu aibi. Rubutun nan na ƙasan rasit da ke cewa abin da aka saya ba a mayarwa ba shi da ƙarfin da masu shaguna ke zato.

Game da bakanike, Sashe na 130 ya ce dole aiki ya kai ingancin da mai hankali zai sa rai, in ba haka ba a gyara kuskuren ko a mayar da wani kaso na kuɗin aiki. Sashen da ya fi kowanne amfani ga talaka, wanda kuma ba a cika jin labarinsa ba, shi ne na 145: idan aka yi zargin kaya ko aiki na da aibi, nauyin kawo hujja yana wuyan wanda ya sayar ko ya yi aikin.

Wannan kariya ta fi ƙarfi idan daga ɗan kasuwa aka saya. Cinikin mutum da maƙwabcinsa ya fi karkata ga tsohuwar dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893 da dokokin jihohi da suka tsiro daga gare ta, inda aka fi ɗora wa mai saye nauyin buɗe ido, sai fa idan an yi masa ƙarya. A kotunan shari'ar Musulunci na Arewa kuwa, fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da bai gani ba lokacin ciniki, kuma mai sayarwa ba ya kuɓuta daga aibin da ya sani ya ɓoye. Mazhabar ta kuma lamuntar da mai sana'a abin da ya lalace a hannunsa, sai idan an samu shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne.

Duk wannan ba ya tsinana komai idan shaida ta ɓace, kuma a nan ne masu mota ke cutar kansu. Da zarar inji ya buga, sai a mayar wa bakaniken da ake zargi ya farke shi shi kaɗai, tsinkakken notin ya bi 'yan jari-bola. Abin da ya dace shi ne a buɗe injin a gaban mai kaya da bakanike da wani gwani na uku da ba shi da hannu, a ɗauki hoto da bidiyo kafin a kwance komai, a adana notoci da metal da gasket da samfurin man da aka tsiyaye. Rasit ya kasance ɗauke da lambar injin da ranar saye, a kuma rubuta adadin kilomitan da ke kan mota ranar da aka ɗora shi.

Dokar ta buɗe wa mai ƙorafi hanyoyi: ya fara neman haƙƙinsa wajen wanda ya sayar masa, ko ya shigar da koke gaban FCCPC, ko ya tafi kotu kai tsaye. Jihohi irin su Kano da Legas suna da hukumominsu na kare masu saye, suna kuma da kotunan ƙananan ƙararraki da mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Wata ukun da Sashe na 132 ya bayar yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka miƙa wa mai saye injin, ba daga ranar da ya buga ba.