Gane Waɗanda Aka Yi Safararsu A Asibitocin Anka, Gummi Da Bukkuyum

Safarar mutane ita ce ɗaukar mutum ta hanyar yaudara, tilas ko barazana domin a ci da guminsa. Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar NAPTIP a shekarar 2003 domin yaƙi da wannan laifi, aka kuma sabunta dokar a 2015. Dokar ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau.

A wannan yanki, rashin tsaro ya raba iyalai da dama da ƙauyukansu, dillalai kuma sun samu ƙofa. Akan karɓi yarinya daga hannun iyayenta da alkawarin aiki a birni, ko a kai yaro ramin haƙar zinari. Mutanenmu ba su manta da gubar dalmar 2010 ba, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma.

Sau da yawa asibiti ne kaɗai inda wanda aka yi safararsa ke haɗuwa da ma'aikacin hukuma, domin ubangidansa ba ya kawo shi sai ciwo ya hana shi aiki. Saboda haka muna kira ga malaman asibiti, ungozomomi da masu ba da kati da su lura da ɗan rakiya. Shi ne ke amsa kowace tambaya? Ya ƙi barin majiyyacin shi kaɗai? Ya ce 'yarsa ce, amma bai san shekarunta ko sunan mahaifiyarta ba? A duba kuma tsofaffin raunuka da aka bari ba magani, rama, ciki ga ƙaramar yarinya, da majiyyacin da bai san sunan unguwar da yake kwana ba. Kunya kaɗai ba hujja ba ce. 'Ya'yanmu mata da kunya aka san su.

Idan zargi ya shiga, a fara da magani. Sannan a nemi ɗan rakiya ya jira a waje, kamar yadda ake yi wa kowa lokacin awo. Mace ta gana da mace, cikin harshen da majiyyaciyar ke ji, kada kuma ɗan rakiya ya zama tafinta. Kada a tuhume shi, domin yana iya ɗauke ta ya ɓace. A rubuta abin da aka gani a kati, a sanar da shugaban asibiti da jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, su kuma su tuntuɓi 'yan sanda ko NAPTIP. Idan baligi ne, a nemi yardarsa tukuna. Idan yaro ne, ba a jira.

Hakimai da dagatai su sani cewa wannan ba rigimar gida ba ce da za a sasanta a zaure.