Su wa ke zaɓen Monsenyer? Tarihin majalisar limaman babbar majami'a

Kun san idan sarkin kantom ya rasu, kamar a Illela, hakiman ƙauyuka ne ke taruwa su jefa ƙuri'a. To, Kiristocin Katolika na Turai ma sun daɗe da nasu masu zaɓen, wata majalisa da Faransawa ke kira shapitir.

Abin ya faro ne daga zaman tare. Wajen shekara ta 755, bishop na birnin Metz, Chrodegang, ya tsara wa limaman da ke kewaye da shi ƙa'ida: ɗakin kwana ɗaya, tukunya ɗaya, addu'a a kan lokaci. Kullum suna haɗuwa a karanta masu babi guda. Kalmar shapitir ɗin ma "babi" take nufi, sunan karatun ya bi taron. A 816 taron Aachen ya fitar da irin wannan ƙa'ida domin daular baki ɗaya.

Sai dukiya ta shigo. Masu hali suka yi ta ba majami'a gonaki, aka raba ma kowane liman kasonshi, kowa ya gina gidanshi, tukunya ɗaya ta mutu. Muƙamai suka fito: shugaba, mai jan waƙa, ma'aji, mai kula da lakkwal. Na ƙarshen nan kar ku raina shi, don a Notre-Dame ta Paris shi ke ba malami izinin koyarwa. A 1215 babban taron Lateran ya tsara yadda za su zaɓi bishop, ya kuma ba su wata 3 kacal. Kujera mai gona da ƙuri'a kuwa, ai 'ya'yan manya ba su barin ta.

Ƙuri'ar ba ta dawwama ba. Paparoma ya riƙa naɗawa da kanshi, a 1516 kuma yarjejeniyar Bologna ta miƙa wa sarkin Faransa zaɓen.

Mu nan Tawa muna ƙarƙashin dayosis ɗin Maradi, wanda aka kafa a 2001, Monsenyer Ambroise Ouédraogo ne bishop na farko. Roma ke naɗawa. Abin da dokar 1983 ta tanada shi ne majalisar mashawarta, limamai 6 zuwa 12. In kujera ta zama babu kowa, su ke fidda mai riƙon ƙwarya cikin kwana 8.