Bugun Teta a Ƙwaƙwalwa

Bugun teta wani salon hawa da sauka ne na lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda ke maimaituwa kamar sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa ɗaya. Yana samuwa ne idan ɗimbin ƙwayoyin jijiya suka motsa tare, suka lafa tare. Inda aka fi nazarinsa shi ne hifokamfus, wani lanƙwasasshen sashe da ke can ciki daura da kunne, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Wannan sashe shi ke adana sabbin abubuwan da suka faru ga mutum, shi ne kuma ke taimaka masa ya gane hanya.

Tun 1924 Hans Berger na Jamus ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan'adam, amma yawancin abin da aka sani game da teta daga ɓeraye aka samo shi. A 1969 Case Vanderwolf ya nuna cewa bugun kan tashi idan ɓera na yawo, ya kwanta idan ya tsaya cik. A 1971 John O'Keefe, a Landan, ya gano ƙwayoyin wuri: kowace ƙwaya ba ta harbawa sai ɓeran ya iso wani takamaiman gurbi. Wannan aiki ya kai shi ga lambar Nobel ta 2014, tare da May-Britt Moser da Edvard Moser.

Binciken da ya fi muhimmanci a nan shi ne na 1993, wanda O'Keefe ya yi da Michael Recce. Sun lura cewa yayin da ɓera ke ratsa gurbin wata ƙwaya, harbinta yakan riƙa zuwa da wuri-wuri a kowane sabon bugu. Saboda haka, a cikin bugu guda, ƙwayar wurin da aka baro ce ke fara harbawa, sai ta inda ake, sannan ta inda aka dosa, kamar ’ya’yan carbi a zare. Masana da dama na ganin ta wannan hanya ce ƙwaƙwalwa ke jera abubuwa bi da bi, ko matakan tafiya ne ko abubuwan da suka faru jiya.

Samun shaida daga ɗan'adam ya fi wuya, don sai an shiga cikin ƙoƙon kai. An dace da masu farfaɗiya waɗanda likitoci suka sa wa wayoyin awo kafin tiyata. A 1999 Michael Kahana da abokan aikinsa sun ga teta na bayyana lokacin da irin waɗannan majinyata ke neman hanya a wasan kwamfuta. A 2003 kuma aka samu ƙwayoyin wuri a ƙwaƙwalwar majinyatan da ke wasan tuƙa tasi cikin wani garin kwamfuta. Sai dai bugun mutum yakan fi na ɓera jinkiri, kuma zuwa yake ya ɗauke, lamarin da masana ke muhawara a kansa har yanzu.

Hifokamfus yana cikin wuraren da cutar Alzheimer ke fara lalatawa. Shi ya sa ɓacewa a unguwar da mutum ya daɗe da sani take cikin alamomin farko na cutar, tare da mantuwa.