Daga Gizago zuwa Zarto mai Inji: Tarihin Sassaƙar Adon Bango



Akwai wani zato da ya zauna a zukatan mutanenmu, cewa duk sana'ar da inji ya shiga, to hikimar hannu ta yi ƙaura daga cikinta. Maƙasudin wannan lacca shi ne a auna wannan zato da ma'aunin tarihi, ta hanyar duban sassaƙar katako da ake ƙawata bango da ita.

Masassaƙin gargajiya da gizago yake aiki, kuma kowane sara yana barin tabonsa a jikin icce, kamar yadda muke gani a turmi da akushi. A ƙasar Yarabawa wannan sana'a ta kai matuƙa a hannun Olowe na garin Ise, wanda ya rasu a 1938. Shi ya sassaƙa ƙyauren fadar Sarkin Ikere, inda ya nuna zuwan wani Baturen mulki, siffofin suna ɓullowa daga katakon kamar za su sauko. An kai ƙyauren baje koli a Landan a 1924, daga nan bai dawo ba.

Shi kuwa zarto mai inji, domin sare daji aka ƙera shi, ba domin ado ba. Wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya fito da mai aiki da lantarki a 1926. Wanda ya mai da shi alƙalami shi ne El Anatsui, mutumin Gana, haifaffen 1944, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975. A 1980, yana zaman aiki a Amurka, ya lura da irin zanen da haƙoran zarton suke bari: kaushi, da zurfi, da gaggawa. Sai ya riƙa jera filayen katako masu launi dabam-dabam, ya keta su da zarton, ya babbake ramukan da wutar walda har su yi baƙi, sa'an nan ya sa alamomin uli na Ibo, ya rataye a bango.

Abin lura a nan shi ne ma'anar da ya ba wannan keta. Ya kwatanta ta da yadda Turawa suka yayyanka Afirka bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885. Watau rashin tausayin injin shi kansa ya zama jawabi, abin da gizago, da natsuwarsa, ba zai iya faɗa ba.

Saboda haka, jama'a, inji bai kashe sassaƙa ba. Abin da yake kashe ta shi ne hannun da ba shi da abin cewa. Ku da za ku tsara manhajar makarantun sana'a, ku ba yaro inji, amma ku fara ba shi tarihinsa.