Labarin Ciwon Masu Jego a Zariya

A bakin Bahaushe kalmar nan zuciya aiki biyu ta ke yi. Akwai zuciya tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda ke harba jini dare da rana ba hutawa. Akwai kuma wadda a ke nufi in an ce zuciyar wane ta ɓaci, ko kuwa ba ta kwanta da abu kaza ba, watau mazaunin tsoro da kunya da yarda. Likitocin Turai sun daɗe suna ɗaukar ta farin ita ce rabonsu, ta biyun kuwa su bar wa malamai da dangi. Abin da ya auku tsakanin likitoci da mata masu haihuwa a Zariya daga 1969 zuwa 1979 ya nuna cewa mai son gyara waccan tilas ya san halin wannan.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san Zariya ba gari guda ba ce. Akwai Birni cikin ganuwa, inda Sarki da malamai su ke. A bayan ganuwa akwai Tudun Wada, inda babban asibitin Gwamnati ya ke a wancan zamani. Gaba kaɗan ga Sabon Gari, wanda ya kafu sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso cikin 1911, ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa, Yarabawa da Ibo da baƙin Hausawa. Can kan hanyar Funtuwa kuma ga Samaru, inda aka kafa tashar binciken aikin gona cikin 1922, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Da jami'ar ta fara koyar da aikin likita cikin 1967, sai asibitin Tudun Wada ya zama nan ne ɗalibanta ke koyon aiki, suna kai da kawowa tsakaninsa da Samaru, suna ratsa Sabon Gari.

Kowane daga cikin garuruwan nan da irin idon da ya ke kallon asibiti da shi. Mutumin Sabon Gari ya saba da shi tun da wuri, don galibi ya yi makarantar Mishan, kuma ma'aikacin Gwamnati ba ya samun hutun ciwo sai da takardar likita. Mutumin Birni kuwa ya fara ganin maganin Turawa ne a hannun Likita Mila, ɗan Mishan wanda ya zauna cikin birnin tun 1905, har aka mai da Mishan ɗin Wusasa wajen 1929. Da ya ke magani da wa'azi tare suka zo, sai mutane da yawa suka yi ɗari-ɗari da su duka biyu. Wannan ɗari-ɗari ya daɗe bai fita daga zukata ba.

Ba kuwa don ba su da wurin zuwa ba ne. Akwai wanzami da maɗori da ungozoma, akwai mai saiwoyi a kasuwa, akwai malamin da ke yin rubutu da tofi, akwai kuma masu bori ga wanda ya yarda da su. Ko mene ne a cikin ƙullin maganinsu, akwai abu guda da dukansu ba su fasawa. Sukan zauna da majiyyaci, su gaisa, su ji ta bakinsa, su gaya masa sunan ciwonsa da mafarinsa cikin harshen da ya sani, sa'an nan ya tashi hankalinsa a kwance. Likitoci ma daga baya sun tabbatar wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cikin 1955 wani likitan Amurka, Henry Beecher, ya rubuta cewa wajen sulusin majiyyata sukan ji sauƙi ko da ƙwayar da aka ba su ba kome a cikinta, muddin sun yarda magani ce. Masana sun rage wannan lissafi daga baya, amma sun yarda zuciya tana rage zafin ciwo, ko da ya ke ba ta kashe ƙwayar cuta. A nan Nijeriya kuma, cikin 1954, Likita Adeoye Lambo ya sauke masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa tare da wani danginsa, don ya lura mutum ya fi saurin warkewa a tsakiyar nasa.

To, cikin 1969 wani shaihun malamin likita, Eldryd Parry, mutumin ƙasar Birtaniya daga yankin Wales, ya zo Zariya daga Adis Ababa. Bai daɗe ba shi da abokin aikinsa Likita Davidson suka lura da wani abu mai ban mamaki. Ana ta kawo mata waɗanda ba su daɗe da haihuwa ba, ƙafafu da fuska sun kumbura, suna haki, ba su iya kwanciya sai a jingine. In an auna sai a tarar zuciyarsu ce ta gaza. A Turai likita yakan shekara da shekaru bai ga irin wannan ba, amma a Zariya cikin shekara uku suka rubuta mata 224. Suka kimanta cewa cikin haihuwa ɗari a garin, wajen mace ɗaya takan kamu. Kusan dukansu Hausawa ne ko Fulani. Matan Kudu, waɗanda galibinsu a Sabon Gari su ke zaune, suna shan ruwa guda da iska guda da sauran, ba safai a ke ganinsu cikin masu ciwon ba. Ciwon kuma ya fi yawa cikin watan Yuli, lokacin da zafi da laimar damina su ke haɗuwa.

Abin yabo ga likitocin nan shi ne ba su tsaya ga abin auna ƙirji kaɗai ba. Sun aika wa asibitocin Arewa da tambaya, suka kuma tara ɗalibansu na likita da na jinya, kowa ya faɗi yadda a ke yi wa maijego a garinsu. Wata Baturiya, Lorna Trevitt, ta bi matan Birni ta ji daga bakinsu, aka buga abin da ta samo cikin 1973 a mujallar jami'ar mai suna Savanna. Da aka haɗa amsoshin cikin 1974, sai aka ga ciwon ya fi ƙarfi a kewayen Zariya da Malumfashi, watau daidai inda aka fi tsananta al'adun jego.

Al'adun nan ba baƙi ba ne ga mai karatu. In mace ta haihu, sai ta yi kwana arba'in tana wankan jego safe da yamma, in haihuwar fari ce ma akan zarce haka. Akan tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma damin ganye, ta riƙa fyaɗawa a jiki. In ta fito ta hau gadon ƙasa wanda aka zuba garwashi a ƙarƙashinsa, ɗaki a rufe. Sa'an nan ga kunun kanwa, ana ɗura mata shi don ya kawo nono ya kuma wanke ciki. Dalilin duk wannan kalma guda ce, sanyi. A ganin tsofaffi, jikin wadda ta haihu ɗanye ne, a buɗe ya ke, in ba a gasa shi ba sanyi zai shiga, ta kumbura, ta lalace, wataƙila ma ta mutu.

Bayanin likitocin kuwa shi ne, zafi yakan buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, sai zuciya ta ƙara aiki don ta cika su. Gishirin da ke cikin kanwa ɗan'uwan gishirin miya ne, yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara yawa. Da damina kuma gumi ba ya bushewa, balle jiki ya huce. Zuciyar da ta riga ta yi wata tara tana ɗaukar kayan mutum biyu, in aka ɗora mata wannan sabon kaya, sai ta durƙusa. Ga inda abin tausayin ya ke. Alamar gazawar zuciya ita ce kumburi, kumburi kuwa shi ne ainihin abin da tsohuwa ke tsoro. In ta ga ƙafar jikarta ta tashi, ba abin da zai faɗo mata a rai sai cewa sanyi ya sami ƙofa, ashe wuta ba ta isa ba.

Wanda ya kira wannan jahilci bai kalli abin da kyau ba. Wankan jego ƙauna ce da kulawa. A cikin kwana arba'in ɗin nan ne a ke ɗauke wa mace daka da ɗiban ruwa da girki, a ciyar da ita ƙauri da nama, a mai da ita gaban uwarta, mata su kewaye ta ba ta kwana ita kaɗai. A ƙasashen da babu irin wannan gata, likitoci suna fama da baƙin cikin da ke kama mata bayan haihuwa. Saboda haka in likita ya ce wa yarinya ta bar wanka, ya sa ta tsaka mai wuya ne, ko ta saɓa masa ko ta saɓa wa uwarta da uwar mijinta. Likita kuwa sau ɗaya ta gan shi, su kuwa da su za ta kwana ta tashi. Ba sai an tambayi wanda za ta bi ba. A asibiti matan nan sukan warware da sauri in an ba su maganin da ke fitar da ruwa da wanda ke ƙarfafa zuciya, amma a ciki na gaba wasu sukan komo da ciwon. Likitocin Zariya sun bi sawun matan nan fiye da shekara ashirin, suka buga sakamakon cikin 1998.

Ana cikin wannan, a ɗakin haihuwa na asibitin kuma wani shaihun malami, Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta ƙasar Ribas, ya ɗauki wani aiki mai nauyi. Daga 1976 zuwa 1979 shi da mataimakansa suka rubuta labarin kowace haihuwa da aka yi a hannunsu, har guda 22,774, aka buga littafin cikin 1985. Mata 238 suka rasu. Daga cikinsu 219 waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba ne, sai da abu ya ɓaci aka ɗauko su. Alhali kuwa masu zuwa awo sun fi su yawa nesa.

Me ya hana su zuwa da wuri? Nisa da rashin mota da rashin kuɗi suna ciki, babu shakka. Amma akwai waɗanda gidajensu ba su da nisa da asibitin, abin da ya tsare su yana cikin zuciya ne. Na farko kunya. Yarinya mai cikin fari ba ta faɗin tana da ciki, balle ta ce naƙuda ta taso. An hore ta da cewa mace ta gari ba ta raki, sai ta shiga ɗaki ta cije, ta wuni ta kwana ba wanda ya sani. Ungozoma ma aikinta yankan cibi ne da wanka, sai an haihu a ke kiranta. In abu ya yi tsanani kuma sai an nemi iznin maigida, in ya tafi fatauci a jira shi. Sa'an nan a gwada rubutu, a gwada jiƙo, wani lokaci a yi yankan gishiri. Ga tsoron namiji ya duba ta, ga tsoron wuƙar likita, ga tsoron tsawar ma'aikaciyar da ba ta jin Hausa sosai. Kafin a yanke shawara an kwana biyu ko uku. In ta rasu a asibiti, sai labari ya koma unguwa cewa an kai wance asibiti ba ta dawo ba, ta gaba kuma a ƙara jinkiri da ita. Tsoro ya haifi jinkiri, jinkiri ya haifi mutuwa, mutuwar kuma ta komo ta ƙara wa tsoron ƙarfi. Waɗanda suka tsira da rai, da yawa sun tashi da yoyon fitsari, ciwon da kan raba mace da mijinta da zaman cikin mutane, har ɓacin ransa ya fi raunin kansa zafi.

Harrison ya duba lissafinsa ta fuskar ƙabila da addini da wurin zama, ya ga abin da ya fi raba mai rai da mamaciya shi ne karatu. Macen da ta yi makaranta, ko daga ina ta fito, takan zo awo, takan yi tambaya, ba ta jin nauyin faɗin abin da ke damunta. Ashe bambancin da a ke gani tsakanin matar Sabon Gari da matar ƙauye ba a jini ya ke ba. Saboda haka shawarar da ya fi nanatawa har ƙarshen aikinsa ita ce a sa 'ya'ya mata makaranta.

Asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika, gaba da Samaru, cikin 2005. Maganar kanwa da wanka kuwa ba ta tsaya inda Parry ya bar ta ba. Wani shaihun malamin ciwon zuciya na Kano, Kamilu Ƙaraye, ya jagoranci bincike a asibitoci da yawa na Nijeriya, aka buga shi cikin 2020. Sun tarar ciwon yana nan da yawa a Arewa maso Yamma, amma ba su sami shaidar cewa wankan jego da kunun kanwa su ne tushensa ba. Tun kafin wannan ma an sami ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin masu ciwon a Yamai da Kano. Abubuwan da binciken 2020 ya tarar suna tafiya tare da ciwon su ne rama, da hawan jini na masu ciki, da rashin sana'a, da rashin zuwa makaranta.